Kada Dutsen Zinare Ya Kwana a Gidanka

  Ɗana, labari ya iso mini cewa an samu dutsen zinare a dajin da ke kusa da ku, kuma kai ma kana zuwa rami tun da aka gama girbi. Ban yi fushi ba, ban kuma yi mamaki ba. Mai iyali dole ya nema. Abin da gona ke bayarwa ba ya kai ku wata damina, rani kuwa yana da tsawo. Wanda ya fita neman halalinsa ba abin zargi ba ne. Sai dai akwai maganar da nake so ka ji daga gare ni, ka kuma ji ta a natse.

Dutsen da ake samun zinare a cikinsa, sau da yawa ba zinare kaɗai yake ɗauke da shi ba. A wasu wurare yana tare da dalma, a wasu kuma da waɗansu ƙarafa masu guba. Muddin yana kwance can ƙarƙashin ƙasa inda Allah ya ajiye shi, da wuya ya cuci kowa. Ranar da aka tono shi, aka farfasa, aka niƙa ya zama gari, ranar ce gubar ke fita yawo. Za ta bi iska, ta bi ruwa, ta bi rigar mutum. Inda ta sauka kuwa, nan za ta zauna. Saboda haka abu uku nake roƙonka ka raba da wannan dutse: gidanka, gonarka, da ruwan da kuke sha.

Na san ka taɓa jin abin da ya faru a Zamfara, amma a lokacin kana da ƙuruciya. Bari in ba ka labarin dalla-dalla, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wajen shekarar 2009 farashin zinare ya tashi a duniya, har oza ɗaya ta haura dala 1,000. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum manoma ne da makiyaya, irinmu. Suka ga dutsen dajinsu ya yi daraja. Maza suna haƙowa, suna kawowa gida a buhuna. Mata suna farfasawa da guduma, wasu suna dakawa a turmi. Aka kafa injinan niƙa a cikin gari, irin waɗanda ake niƙa hatsi da su. Ana shanya garin dutsen a tsakar gida, ana wanke shi a bakin kududdufi. Kuɗi suka shigo, aka sayi babura, aka yi rufin kwano. Ba wanda ya yi nufin sharri. Kowa alheri yake nema wa 'ya'yansa.

Agwagi ne suka fara ƙarewa. A farkon 2010 mutane suka ga agwagin gari suna ɓacewa, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan abin ya koma kan yara. Yaro ya kwana da ciwon ciki, ya yi amai, jikinsa ya mutu, sai jijjiga, sai suma. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzabin cizon sauro ne. Aka ba da magani, ba sauƙi. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda suka shiga yankin don bibiyar sanƙarau, suka ga mutuwar yara ta wuce misali. Aka ɗebi jini aka kai gwaji. Sakamako ya nuna dalma.

Masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan, ɗana. Aka gwada jinin 204 daga cikin waɗanda suka rage, aka tarar dukkansu gubar ta shige su, kuma 198 sun kai matakin da sai an ba su maganin da ke fitar da ita daga jini. Gida biyu cikin uku ana sarrafa dutsen a cikinsu. Da aka haɗa da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Tungar Guru, da Duza, da Bagega, yaran da aka rasa sun kai 400. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceton iyayensu ne.

Za ka ce me ya sa yara, alhali manya ne ke aikin? Ka dubi ɗanka mai rarrafe da yamma. Hannunsa a ƙasa, gwiwarsa a ƙasa. Ya tsinci ɓawon gyaɗa ya kai baki. Ya tsotsi yatsa. Ƙosansa ya faɗi, yayarsa ta ɗauka ta hure ta mayar masa. Haka kowane yaro yake, haka ku ma kuka yi. To in akwai garin dutse a ƙasar nan, kullum yana haɗiyar kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na yadda cikin babba yake yi. Yaron da ba ya ƙoshi, ko mai ƙarancin jini, jikinsa ya fi ja. Ƙwaƙwalwarsa kuwa tana cikin ginuwa, ita ce dalma ta fi ɓatawa.

Hukumar ta kuma ce babu wani ɗan adadin dalma a jini da za a ce ba shi da lahani. Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini a rai. Waɗanda suka rasu an gan su, an yi kuka, an karɓi gaisuwa. Amma akwai dubbai da suka rayu da ita. Wani ya makance, wani ƙafafunsa suka shanye. Wani kuma ba a ga komai a jikinsa ba sai da aka sa shi makaranta. Sa'o'insa sun yi nisa a karatu, shi yana nan yana fama da babbaƙu. A kira shi daƙiƙi, a yi ta yi masa bulala, alhali tun yana rarrafe aka yi masa ɓarnar. Irin wannan rauni magani ba ya mayar da shi yadda yake. Manya ma ba su tsira ba. Tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda, tana sa ɓari. Tana ɓuya a cikin ƙashi shekara da shekaru. Yarinyar da ta sha ta tana ƙarama, ranar da ta samu juna biyu gubar na iya fitowa daga ƙashinta ta shiga jikin abin da ke cikinta. Ka ga ɓarnar uba ta kai ga jika.

Yanzu mu koma gona, don can hankalina ya fi karkata. Noma shi ne na duƙe tsohon ciniki. Ramin da ake rububi a kansa bana, baɗi ana iya watsewa a bar shi. Gona za ka koma wa. Ita ka gada, ita kuma za ka bar wa na baya.

Ka sani dalma ba ta ruɓewa. Kashin shanu yakan ruɓe ya zama taki. Karan dawa gara ke cinye shi. Dalma kuwa ƙarfe ce. In ta shiga gona tana maƙalewa a saman ƙasa, daidai inda garma ke juyawa, daidai inda saiwa ke neman abinci. Rana ba ta ƙona ta, damina ba ta wanke ta. A garin Kabwe na ƙasar Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma har yau ana samun gubar a jinin yaran garin, yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan an bar aikin.

Hanyoyin da take bi ta isa gona ba ɓoyayyu ba ne. Ga tulin ƙasar da aka wanke aka zubar a bakin rami. Ruwan farko ya sauka, ya kwashe ta ya gangara kwari. Kwarin nan kuwa shi ne fadama, inda ake shinkafa da noman rani. Hunturu ya zo, iska ta kwashi ƙurar inji ta watsa a kan ganye. Akwai kuma hanya ta uku, wadda nake so ka lura da ita sosai. Ka san al'adarmu. Sharar gida da tokar murhu da kashin awaki ana tara su a juji, a loda wa jaki ko amalanke, a kai gona kafin ruwa ya sauka. Al'ada ce mai albarka, ita ta riƙe gonakinmu tun kaka da kakanni. Amma in an taɓa daka dutse a gidan, mutum da hannunsa zai kai gubar gonarsa, yana murna ya kai taki.

Ba kowace shuka ke ɗaukar guba daidai da 'yar'uwarta ba. Ganye ya fi ɗauka, irin su alayyafo da latas da yakuwa da rama, don yana ja daga ƙasa, ƙura kuma tana kwanciya a kansa. Sai masu girma a cikin ƙasa, karas da dankali da rogo. Ƙwayar gero da dawa da masara ba ta cika jan dalma ta saiwa ba. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Da masana suka bi diddigin abincin ƙauyukan Zamfara, sai suka gano cewa mafi yawan dalmar da ke cikin hatsi bayan girbi ta shiga.

Ɗauki dami ɗaya na gero ka bi shi da ido. Ya fito daga gona lafiya lau. An yi sussuka a filin da aka taɓa shanya dutse. An zuba shi a buhun da ya ɗauko dutse jiya, kakkaɓe shi kawai aka yi. An surfa a turmin da aka daka dutse, an ɗauraye an ce ya fita. An kai injin da ya wuni yana niƙa dutse. Kuka da kuɓewa suna shanye a tsakar gida, ƙura na sauka a kansu. Da dare aka tuƙa tuwo, aka kaɗa miya, aka yi bismilla. Ba wari, ba ɗaci, ba canjin launi. Uwa ta gutsura ta sa wa ɗanta a baki da hannun ƙauna. Wa zai zarge ta? Ba ta sani ba. Amma kai yanzu ka sani.

Shinkafa tana da nata hali. Akwai wani ƙarfe da ake kira kadmiyam, wanda yakan zo tare da dalma da tutiya a cikin dutse, shinkafa kuwa tana jan sa har cikin ƙwaya. A lardin Toyama na ƙasar Japan akwai kogin Jinzu, a can samansa kuma akwai mahaƙar Kamioka. Shekara da shekaru dattin mahaƙar yana bin kogin, manoma suna ban-ruwan shinkafa da shi, suna kuma sha. Mata, musamman waɗanda suka manyanta bayan haihuwa da yawa, ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi yana karyewa da ɗan motsi. Sai a 1968 gwamnati ta amince cewa dattin mahaƙar ne sanadi. Aikin sauya ƙasar gonakin da sabuwa ya ci fiye da shekara 30, sai a 2012 aka kammala. Ƙasa mai ɗimbin arziki ke nan, ɗana. Ka auna namu ƙarfin.

Sai ruwa. Kududdufin da ake wanke dutse a bakinsa, shi ne shanu da awaki ke sha. Shi yara ke wanka a ciki. Da lakarsa ake buga tubali, a gina ɗakin da za a kwana a ciki shekara arba'in. Rijiyar da ba ta da murfi, ƙura na faɗawa cikinta. Guga da igiya ana ajiye su a ƙasa, a sake jefawa. Ruwan zai iya fitowa garai-garai, ido bai ga komai ba, harshe bai ji komai ba. Na san an koya muku tafasa ruwa, kuma koyarwa ce mai kyau, don tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma ba ta kashe ƙarfe. Ruwa ne ke tafiya a tururi, dalma ta zauna a tukunya, kamar yadda miya ke ƙara gishiri in ta daɗe a kan wuta. Barin ruwa ya kwanta a tace shi yana rage laka, amma kada ka dogara da shi. Mafita ita ce a tsare rijiyar tun farko, ko a koma wadda ke nesa da aikin.

Ga kuma zaiba, farin ruwan ƙarfen nan mai nauyi da kuke murzawa da garin dutse don ya kama zinare. Ana ƙona dunƙulen, zaiba ta tashi, zinare ya rage. Tururin nan ba shi da wari, ba shi da launi. Yana shiga huhu ya wuce ƙwaƙwalwa, ya kawo rawar hannu da mantuwa da saurin fushi. Wanda ya ƙona a ɗaki ko a murhun girki ya raba wa duk mutanen gidan. Zaibar da ta zube a ruwa kuma tana kwanciya a laka, ta rikiɗe ta shiga jikin ƙananan halittu. Ƙaramin kifi ya ci, babban kifi ya ci ƙarami, mai juna biyu ta ci babba. Haka ta faru a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar da hakan ke jawowa a 1956, ko da yake can masana'anta ce ta zubar da zaibar a teku. Abin ya yi muni har ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya kan zaiba da sunan garin a 2013, kuma Najeriya da Nijar duk suna ciki. In ka haɗu da 'yan'uwanmu mazauna zango a Gana, ka tambaye su labarin galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Za su gaya maka yadda kogunan Pra da Ankobra da Offin da Birim suka koma jar laka, yadda gonakin koko suka zama ramuka, har hukumar ruwa takan rufe wasu matatunta don ruwan ya fi ƙarfin tacewa.

Bari in gaya maka abin da gyara ya ci a Zamfara. Likitoci suka ce ba amfanin a ba yaro magani ya koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwo. Sai an fara tsabtace gari. A Amurka a lokacin, in dalma ta wuce miligiram 400 a kilo ɗaya na ƙasar da yara ke wasa, ana ɗaukar wurin mai haɗari ne. A wasu gidajen Zamfara an samu fiye da 100,000. Wato a kilo goma na ƙasa, kilo ɗaya dalma ce. Masanan kamfanin TerraGraphics da na cibiyar Blacksmith suka haɗa hannu da ma'aikatan jiha da mutanen gari. Da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasa, tsakar gida da ɗakuna da lunguna. Aka zuba a buhuna, aka kai manyan ramuka aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Gidaje da wuraren aiki sama da 800 aka yi wa haka a ƙauyuka 8. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jiran kuɗi har 2013, yara kusan 1,500 suna zaune suna jiran magani. Likitocin MSF sun shafe sama da shekara 11 a wurin kafin su miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. Tsakar gida ana iya kankarewa da taimakon jama'a. Gona mai eka biyar fa, wa zai kankare maka ita? Fadama fa?

Kuma kada ka ce abin na Zamfara ne kaɗai. A 2015 ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a ƙauyukan Shikira da Magiro da Kawo. Yara 28 suka rasu, dabbobi da kaji ma suka mutu. Shekara biyar kacal tsakani, kuma hanyar ɗaya ce: dutse ya shigo gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To ɗana, ga abin da nake so ka yi. Ba abu ne mai tsada ba, yawancinsa kula ce kawai.

Dutse kada ya shigo gari. Fashi da niƙa da wanki da ƙonawa, duk a yi su a wuri guda, nesa da gidaje, nesa da masussuka, inda gangaren ruwansa ba ya bi ta gona ko rijiya. A haƙa ramin da ruwan wanki zai taru a ciki. Tulin ragowar a binne shi, ko a rufe shi da ƙasa mai kyau kafin damina. A riƙa jiƙa dutse kafin a niƙa, don jiƙaƙƙen gari ba ya tashi. An gwada feshin ruwa a kan injina a can jihar Neja, ƙura ta ragu ƙwarai, dalmar da ke jinin masu aikin ma ta ragu.

Kayan da kake aiki da su, riga da wando da hula da takalmi, su kwana a can. Ka yi wanka da sabulu kafin ka hau babur. Na san yadda yara ke yi in sun ji ƙarar babur ɗinka a ƙofar gida. Su sheƙo da gudu, ƙaramin ya rungume ƙafarka, ya cusa fuskarsa a wandonka, ka ɗaga shi ka ɗora a kafaɗa. Wannan ni'ima ce, kada ka hana su. Ka dai tabbata abin da suke runguma mai tsabta ne. Ka sa takunkumi a wurin niƙa. Ka wanke hannu kafin ka ci abinci ko ka ɓare goro, kuma ka matsa nesa da ƙura.

Buhun da ya taɓa dutse ya rabu da hatsi har abada. Haka turmi, haka taɓarya, haka inji, haka kwano da tabarma. Ka sa musu alama da fenti don kada a manta. Kuɗin sabon buhu bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Yara da masu juna biyu da masu goyo kada su je wurin aikin, ko da sunan talla ne. Na san cinikin abinci a bakin rami yana da riba, kuma na san gida yana bukata. Amma yarinyar da ke zaune da tire a cikin ƙura, ita ce uwar gobe.

Ka gaya wa 'yata maiɗakinka, cikin lallami, cewa rabin tsaron nan a hannunta yake. Ta yayyafa ruwa kafin shara. Ta wanke hannun yara kafin su ci, ta shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma. Shanya ta koma sama, a kan rumfa. Randa da tukunya su zauna a rufe. Ganye a wanke shi sosai da ruwa mai kyau, dankali da karas a fere su. Ta kula da cikin yara, don cikin da ba kowa ya fi tsotse guba. Wake da zogale da nono da ƙwai da ɗan nama suna taimaka wa jiki ya rage ja. Tun da maganar ta zo, kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido, an gwada irinsa an tarar yawancinsa dalma ce. A haƙura da shi, idon jariri kyakkyawa ne ko ba kwalli. In Allah ya hore maka, ka daɓe ɗakin yara da siminti, ka gina bakin rijiya ka yi mata murfi. Wannan ya fi sabuwar waya amfani.

In kana zargin ruwan rami ya taɓa ratsa wani sashe na gonarka, kada ka shuka ganye a wurin, kada kuma ka ɗaure dabba ta yi kiwo. Ka nemi malamin gona ya nuna maka yadda za a kai ƙasar gwaji. Ka ja kunya ko ka haƙa magudana ta sama don ka karkatar da ruwan. Ka bar ciyawa ta rufe wurin don iska ta daina kwasa. Takin dabbobi mai tsabta yana taimakawa wajen riƙe dalma a ƙasa, shuka ta rage ja, amma ba ya fitar da ita.

In ka ga kaji da agwagi suna mutuwa ba dalili, ko yaro yana yawan ciwon ciki da kasala, ko ya yi jijjiga, ko an ba shi maganin zazzabi bai ji ba, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Ka kai shi asibiti, ka gaya wa likita gaskiya cewa ana aikin dutse a garinku. Mutane da yawa suna ɓoyewa don tsoron kada a hana su aiki. Na fahimci tsoron. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwajin jini kaɗai ke nuna dalma, likita kuwa ba zai nemi abin da ba a gaya masa ba.

Duk wannan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka tsabtace gidanka, maƙwabcinka yana niƙa a bayan katanga, iska ba ta san iyaka ba. Ka tara abokan aikinka ku yi magana. Ku je wurin mai unguwa da dagaci da liman. A Zamfara ma da bakin sarakuna da masu gari aka fitar da aikin daga cikin gidaje, don maganarsu ake ji. Ku nemi hukuma ta zo ta gwada rijiyoyinku da ƙasarku da jinin yaranku, ta haƙa muku rijiyar burtsatse nesa da rami. Haƙƙinku ne, ku nema cikin ladabi, ku kuma yi ta nema har a yi.

Akwai wani mutum da nake so ka riƙa tunawa da shi. Shi ne mai fadamar da ke ƙasan wurin wankinku. Ba ya zuwa rami, ba shi da kaso a zinarenku. Albasarsa da alayyafonsa kaɗai ya sani. Ruwan da ya fita daga hannunka gonarsa yake sauka, abin da ya noma kuma kasuwa za a kai, mutanen da ba ka taɓa gani ba su saya su ci. Haƙƙin mutane abu ne mai nauyi, ɗana, kuma na san tarbiyyar da ka samu. Ba za ka so kuɗin da ka yi wa iyali cefane da su su zama sanadin hawayen wani gida ba.

Ban ce ka bar nema ba. Na ce ka nema yadda gonarka za ta ci gaba da ciyar da ku, rijiyarku ta ci gaba da shayar da ku, yaranka su tashi da cikakken hankalinsu. In kuwa ka duba ka ga a wurin da kuke ba yadda za a yi a raba dutse da gida, abokan aiki sun ƙi ji, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka koma noman raninka da kiwonka. Arziki yana da ƙofofi da yawa, lafiyar yaro kuwa in ta tafi ba a sayo ta.

Ka fara tun wannan makon. Ka fitar da duk buhun dutsen da ke gidan, ka ware kayan aiki, ka kai yaran a duba jininsu, sannan ka aiko mini da abin da likita ya ce. Allah ya sa albarka a nemanka, ya tsare ka a cikin rami da wajensa, ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani. Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya.